Tsatsar Alkama Mai Ruwan Ɗorawa: Tambayoyin Mutanen Zangon Kumasi da Amsoshinsu

A Kumasi ba mu noma alkama, amma da wuya gari ya waye a Aboabo ko Asawase ba a ci ta ba. Ga burodin mai shayi, ga funkaso a gefen koko, ga taliya, ga cincin ɗin biki. Kusan duk fulawar nan daga alkamar da jirgin ruwa ya sauke a Tema ko Takoradi aka niƙo ta. Shi ya sa duk lokacin da aka ji a rediyo cewa wata cuta ta faɗa wa gonakin alkama a Turai ko Habasha, masu gidan burodi da masu suya sukan kasa kunne. Na tattara tambayoyin da suka fi dawowa, na amsa su gwargwadon abin da masana suka tabbatar.

Wace cuta ce wannan, kuma yaya ake gane ta?

Cutar ganye ce, ana ce mata tsatsa mai ruwan ɗorawa. Abin da ke haddasa ta wata halitta ce dangin funfuna, wadda masana ke kira Puccinia striiformis. Ba ta iya rayuwa sai a jikin tsiro mai rai. Da zarar ganyen ya bushe, tata ta ƙare a nan, sai dai ta riga ta aika 'ya'yanta gaba.

Idan ka shiga gonar da ta kama, ka ɗaga ganye, za ka ga ƙananan ƙuraje masu ruwan ɗorawa sun jeru layi-layi suna bin jijiyoyin ganyen. Ka shafa da yatsa, sai wani gari rawaya mai laushi ya biyo yatsan. A gonar da abin ya yi tsanani, wanda ya ratsa ta zai fito wandonsa ya rine har gwiwa. Garin nan shi ne irin cutar, kuma iska na iya ɗaukar sa ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita da shi. In ya sauka a kan ganye mai raɓa ya samu 'yan sa'o'i na danshi, sai ya tsiro ya kutsa ciki. Bayan kamar mako biyu sababbin ƙuraje su fashe, zagaye ya sake.

Ɓarnarta a fili take. A ganye ne alkama ke haɗa abincin da take cika ƙwaya da shi. Idan ƙuraje suka yayyaga ganyen, ruwa ya tsere, ƙwayar sai ta fito a yamushe ba nauyi. Irin da ba shi da juriya, in cutar ta kama shi da wuri, manomi na iya rasa rabin amfaninsa ko fiye, wani lokaci ma ya tashi a tutar babu.

Tsatsar alkama kala uku ce: wannan mai ruwan ɗorawa, da mai ruwan ƙasa da ke warwatse a ganye, da baƙa mai kama kara. Ug99 da aka yi ta magana a kanta bayan ta ɓulla a Yuganda a 1998 tsatsar kara ce, ba wannan ba.

Malam, ni funkaso nake soyawa. Idan fulawata daga irin wannan alkama aka niƙo ta, za ta cutar da masu ci?

A'a, Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Tsatsa ba ta kama mutum, ba ta barin guba a cikin ƙwaya. Abin da take yi shi ne rage yawan amfani da ingancinsa, kuma wannan asarar manomi ce da kamfanin niƙa, tun kafin buhu ya iso hannunki. Funfunar da ya kamata ki ji tsoro ita ce wadda ke kama buhun da aka ajiye a ƙasa ko jikin bango mai danshi, musamman da damina a garin nan. Ki ɗora buhu a kan katako, in kin buɗe kin ji wari ko kin ga ta dunƙule, kada ki kwaɓa.

To ita ce ke sa kuɗin buhun fulawa tashi?

Gaskiya ba ita ce kan gaba ba. Wani bincike da aka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa tsatsa mai ruwan ɗorawa na cin alkama kimanin tan miliyan 5 da rabi a shekara, abin da ya kusa dala biliyan 1. Adadi ne mai yawa, amma duniya na noma fiye da tan miliyan 700, ke nan bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wanda ya sayi fulawa a Kejetia a 2022 ya san abin da ya tayar da farashi: yaƙin Rasha da Yukren, da faɗuwar sidi a gaban dala, da kuɗin mai. In mai sayarwa ya ce maka ya ƙara kuɗi yau saboda cuta ta kama gona a Ingila jiya, ka ɗauka zancen kasuwa ne.

Sai dai akwai wani adadi a cikin binciken nan da ya fi damuna. Ya nuna kashi 88 cikin 100 na alkamar duniya na cikin haɗarin kamuwa da cutar. Ƙasar da ke cin abin da ba ta nomawa, kamar tamu, ba ta da ta cewa idan shekara ta ɓaci a manyan wuraren noma biyu ko uku lokaci ɗaya.

Me ake nufi idan an ce "sabon nau'i" ya ɓulla? Ba cutar ɗaya ba ce?

Cutar ɗaya ce, amma tana da zuriya daban-daban, kuma a nan ne gaba ɗaya maganar take. Masu kyautata iri suna sa wa alkama ƙwayoyin gado da ke ba ta kariya. Kowace suna yi mata lamba: Yr9, Yr15, Yr27, da sauransu. Tun a 1905 wani masani a Kambirij mai suna Rowland Biffen ya nuna cewa juriyar alkama ga wannan cuta gadonta ake yi, daga uwa zuwa ɗiya, bisa ƙa'ida.

Yawancin waɗannan ƙwayoyin gado aikinsu irin na mai gadin da ya san fuskar ɓarawo ɗaya ne tak. Muddin ɓarawon ya zo da fuskar nan, ana ganinsa za a rufe ƙofa: alkamar takan kashe 'yan sassan ganyen da cutar ta taɓa, cutar ta rasa abin ci ta mutu. Ranar da ya zo da wata fuska, sai ya wuce mai gadin yana zaune. Irin alkamar bai canja ba, bai tsufa ba, bai lalace ba. Cutar ce ta sauya kama.

Kuma mu mutane ne ke ba ta dama. Idan iri ɗaya ya yi kyau, kowa sai ya koma kansa, har ka ga miliyoyin hekta duk kariyarsu ƙwayar gado ɗaya ce. A cikin biliyoyin ƙwayoyin cutar da ke yawo a iska, ɗaya ta isa. Wadda ta dace da sauyin da zai tsallake kariyar ta samu fili ita kaɗai ba abokin hamayya, cikin shekara biyu ko uku ta cika ƙasa.

A ina aka taɓa ganin haka?

An gani sau da yawa, har abin ya zama kamar jerin gwano.

Yr9 ta fito ne daga wani hatsin ƙasashen sanyi ɗan uwan alkama, aka shigar da ita cikin irurruka masu yawan amfani da suka bazu a Afirka da Asiya. Nau'in da ya karya ta ya bayyana a Gabashin Afirka a shekarun 1980, ya tsallaka Yaman, ya bi Gabas ta Tsakiya, kafin ƙarshen shekarun 1990 ya isa Pakistan da Indiya. Aka maye gurbin waɗancan irurruka da wasu, da yawansu kuma sun dogara ga Yr27. Ita ma ta faɗi. A 2009 da 2010 annoba ta bi Maroko, Siriya, Turkiyya da ƙasashen Asiya ta Tsakiya. A Habasha a 2010 ta kama dubban ɗaruruwan hekta, ta durƙusar da Kubsa da Galema, irurruka biyun da manoman ƙasar suka fi shukawa a lokacin. Ka lura, manomin Habasha ba shi da rumbun gwamnati a bayansa. Alkamar nan ita ce abincin gidansa da kuɗin makarantar 'ya'yansa.

Turai ma ba ta tsira ba. A 2011 wani nau'i ya bayyana a ƙasashe da dama lokaci guda, aka sa masa suna Warrior, sunan irin alkamar Ingila da ya fara kayarwa. Cikin 'yan shekaru ya ture tsofaffin nau'o'in da Turawa suka saba da su.

Na baya-bayan nan shi ne Yr15. An samo ta daga wata alkamar daji ta Gabas ta Tsakiya, ta daɗe tana tsare kusan duk nau'in da aka gwada ta da shi, har masu iri a Turai suka jingina da ita sosai. A bazarar 2025 aka ga tsatsa a arewa maso gabashin Ingila a kan irurrukan da aka ba maki mai yawa wajen juriya, gwaji ya tabbatar an karya Yr15.

Daga ina sababbin nau'o'in ke fitowa?

Hanya uku ce. Ta farko sauyi ne da kan faru haka kawai yayin da cutar ke hayayyafa, wanda yawanta ke sa ya zama ba makawa. Ta biyu baƙunta ce, wato nau'in da ya daɗe a wata nahiya ya samu hanyar zuwa wata. Ostireliya ba ta san cutar ba sai 1979, kuma masana sun fi zaton a jikin tufafin matafiyi daga Turai ta shiga. Afirka ta Kudu ta fara ganinta a 1996.

Ta uku ita ce aka daɗe ba a gano ba. Fiye da shekara 100 masana na neman inda cutar ke yin barbara, sai a 2010 Yue Jin da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa a jikin wani ƙayayyen tsiron daji mai suna Berberis take yi. A can nau'i biyu ke haɗuwa su cakuɗa gadonsu, su haifar da 'ya'ya masu sababbin kamanni da yawa a lokaci ɗaya. Wuraren da cutar ta fi bambancin zuriya su ne kewayen tsaunukan Himalaya da ƙasar Sin, kuma binciken gadon Warrior ya nuna daga yankin nan asalinsa yake.

Ai an ce cutar sanyi ce. Zafin Kumasi ba zai kashe ta ba?

A nan ƙasan kurmi, ƙwarai kuwa. Ta fi son yanayi tsakanin digiri 10 zuwa 15 da raɓa mai yawa, abin da ba mu samu ko da tsakiyar hunturu. A Afirka gidanta tsaunukan Habasha da Kenya ne. Amma kada a ɗauki maganar sanyin nan kamar yadda take a tsofaffin littattafai. A 2000 wani nau'i mai zafin nama ya bayyana a Amurka, a 2002 ya isa yammacin Ostireliya. Ya fi na da saurin fitar da ƙuraje, ya fi zubar da iri, ya kuma fi jure ɗumi. Jihohin kudancin Amurka da a da cutar ba ta dame su ba suka fara asara. Ana yi wa wannan zuriya laƙabi da PstS1 da 'yar uwarta PstS2, kuma alamu sun nuna daga Gabashin Afirka suka taso.

Za ta iya tsallakawa ta kama masara ko gyaɗa?

A'a. Kowace shuka da tata tsatsar. Ta alkama kan taɓa sha'ir da wasu ciyayi 'yan uwanta, amma ba ruwanta da masara, dawa, gero ko gyaɗa.

Tunda an ambaci masara, ƙasar nan ta taɓa ɗanɗana irin wannan baƙunta. A 1949 wata tsatsar masara mai suna Puccinia polysora, wadda asalinta nahiyar Amurka ce, ta ɓulla a Saliyo. Cikin 'yan shekaru ta ratsa Afirka ta Yamma har da ƙasarmu, tun ana ce mata Gold Coast, ta yi wa masarar gida mummunar ɓarna saboda ba ta taɓa haɗuwa da ita ba. Abin bai lafa ba sai da irin da ke iya jurewa ya yawaita.

Ƙanena na noman rani na alkama a Kano. Me zan gaya masa, Malam?

Alhaji, ka fara da cewa hankalinsa ya kwanta. Alkamar Kadawa da Haɗeja da hunturu take girma, iska busasshiya, raɓa kaɗan, kuma wannan ba yanayin da tsatsa mai ruwan ɗorawa ke so ba ne. Wuraren da suka fi dacewa da ita a Najeriya su ne masu tudu da sanyi irin Jos da Mambila. Duk da haka ga abin da zan ce masa.

Ya shuka a kan lokaci, daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. Ya nemi ingantaccen iri daga hannun da aka sani, ya kuma tambayi malamin gona wane ne har yanzu yake da juriya, domin irin da ya tsaya da ƙafarsa shekara 5 da suka wuce ba lallai ne ya tsaya bana ba. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ita ke da alhakin binciken alkama a ƙasar. In gonar na da faɗi, kada ya cika ta da iri ɗaya. Kada ya zuba takin yuriya fiye da kima, ganye mai yawan taushi cutar ta fi jin daɗinsa. Ya cire gyauro, don a jikinsa cutar ke fakewa ta jira shuka ta gaba. Sannan ya riƙa shiga cikin gona da sassafe yana ɗaga ganyen ƙasa, ba tsayawa a kan kunya yana hange ba. Cutar kan fara ne a ɗan wuri ɗaya, fili kaɗan da ya yi rawaya a tsakiyar kore. Wanda ya gan ta a nan ya gan ta da wuri.

Me ya sa ba za a yi ta feshi kawai a huta ba?

Feshi na aiki. Magunguna irin tebukonazol da danginsa suna tsayar da cutar in an yi su da wuri, musamman don kare ganyen ƙarshe da ke ƙarƙashin zangarniya, wanda shi ke ɗaukar babban kaso na cika ƙwaya. Amma ba su tayar da ganyen da ya riga ya mutu, ƙarfinsu na 'yan makonni ne, kuma da kuɗi ake saye. Manomin Ingila zai shiga da tarakta ya fesa hekta 100 kafin azahar. Ƙaramin manomi da famfon goyo, in ma ya samu maganin gaskiya a kasuwa, sau da yawa kafin ya haɗa kuɗin cutar ta gama da shi. A wurinsa kariyar da ke cikin irin ita ce mai araha.

Akwai irin da cutar ba za ta taɓa karyawa ba?

Babu wanda zai rantse maka da haka. Amma akwai kariya iri na biyu da ta fi daɗewa, kuma a ganina nan ya kamata a fi zuba ƙarfi. Wasu ƙwayoyin gado, irin su Yr18, Yr29 da Yr46, ba su hana cutar shiga gaba ɗaya. Sai alkamar ta girma suke fara aiki, abin da suke yi kuma shi ne rage wa cutar gudu: ƙuraje su yi jinkirin fitowa, su zama ƙanana, garin da suke zubarwa ya ragu. Ɗaya ita kaɗai ba ta isa ba. In aka tara huɗu ko biyar a iri ɗaya, sai ka ga gona ta kusa zama kamar ba ta kamu ba. Yr18 ta shafe kusan shekara 100 a cikin irurrukan alkama ba a ga nau'in da ya karya ta ba, kuma tana taimakawa a kan tsatsar ganye mai ruwan ƙasa.

Me ya hana kowa bin wannan hanya? Wahala da lokaci. Sa ƙwayar gado ɗaya mai ƙarfi ya fi sauƙi, gonar gwaji ta fito tas ba ɗigon rawaya, manomi ya gani ya yi sha'awa. Tara ƙanana da yawa aiki ne na haƙuri, ga shi fitar da sabon iri kan ci kusan shekara 10. Akwai kuma matsalar ido: manomi ya ga ɗan rawaya a ganye sai ya ce irin banza ne, alhali da girbi buhunansa ba za su ragu sosai ba. Cibiyar binciken alkama da masara ta duniya, CIMMYT, da ke Meziko ta daɗe da karkata ga wannan hanya ta tarawa, tana aika dubban irurruka Njoro a Kenya a gwada su a gaban cutar.

Wa ke sa ido a kan sababbin nau'o'in?

Akwai cibiyar duniya ta binciken tsatsa a Jami'ar Aarhus da ke Denmak, wadda aka kafa a 2008. Ƙasashe na aika mata ganyen da ya kamu ta tantance nau'in. Da yake hakan kan ɗauki watanni, masana a Ingila da Habasha sun haɗa wata ƙaramar na'urar gwaji mai suna MARPLE da ke karanta gadon cutar a kusa da gona cikin kwana 2. Habasha kuma na da tsarin gargaɗi da ke haɗa rahoton masu zagaya gonaki da hasashen iska, a tura wa malaman gona da manoma saƙo ta waya.

An ce Gana ma za ta fara noman alkama. Wannan cuta za ta hana?

Cibiyar binciken amfanin gona ta CSIR da ke Fumesua, nan bakin Kumasi, ta soma gwada irurrukan alkama masu jure zafi a 'yan shekarun nan. Abin da zai fi ba su aiki shi ne zafi da ruwa da samun kasuwa, sai kuma tsatsar kara da ta ganye waɗanda suka fi son ɗumi. Mai ruwan ɗorawa tana can baya a layi. Fatana dai, in gwajin ya yi kyau, kada a ɗauki iri ɗaya da ya fi kowane amfani a raba wa kowa daga Ejura har Bawku. Habasha ta biya kuɗin wannan darasi a 2010, babu dalilin da zai sa mu sake biya.

Zan iya ɗauro irin alkama a jaka daga Kano ko Habasha in gwada a bayan gida?

Tsatsa ba ta zama a cikin ƙwaya, don haka ba ta nan take bi ba. Amma akwai wasu cututtukan alkama da ke bin iri, kuma doka ba ta yarda a shigo da irin shuka ba tare da izinin sashen kare tsirrai na Ma'aikatar Abinci da Noma ba. Ka bi ta hannunsu. In kuma tafiya ta kai ka cikin gonar alkama a wata ƙasa, ka wanke tufafi da takalman da ka shiga da su kafin ka taka wata gona, domin garin cutar na iya yin kwanaki a jikin yadi yana da rai.